System V ko POSIX: Wane Layin Saƙonni Za a Zaɓa, kuma Yaya Za a Tsara Saƙon Kansa?

Duk lokacin da aikin kammala karatu ya matso, ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki daga Samaru, da wasu daga kwalejin Nuhu Bamalli, sukan zo shagona da ke Sabon Garin Zariya da tambaya kusan iri ɗaya. Sun haɗa ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da na'urar auna zafi ko yawan ruwa, sun rubuta shiri biyu ko uku da harshen C, ɗaya yana karanta awo, ɗaya yana ajiyewa, ɗaya yana tura saƙon waya, kuma suna so shirye-shiryen nan su riƙa miƙa wa juna bayani a cikin kwamfuta ɗaya. Sun ji cewa Linux tana da layin saƙonni iri biyu, na System V da na POSIX, sai su ce, "Malam, wanne za mu ɗauka?" Tambayar tana da amsa, kuma zan ba da ita dalla-dalla. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, ba kasafai zaɓen layin yake kayar da mutum ba. Abin da yake kayar da shi shi ne yadda ya jera bayanan da ke cikin saƙon, domin kanel, wato zuciyar babbar manhajar da ke gudanar da kwamfutar, ba ya duba abin da ke cikin saƙo. Dako kawai yake yi, abin da aka ɗora masa shi yake saukewa.

Layin System V shi ne dattijo. Ya fito ne tare da Unix System V na kamfanin AT&T a 1983, kuma kira huɗu ne kacal ke tafiyar da shi: msgget yana buɗe layi ko ya ƙirƙire shi, msgsnd yana aikawa, msgrcv yana karɓa, msgctl kuma yana duba halin layin ko ya share shi. Na POSIX, wato ƙa'idojin bai-ɗaya na manhajojin dangin Unix, ya biyo baya ne cikin ƙa'idar 1003.1b ta 1993, amma bai shiga Linux ba sai a kanel 2.6.6 a 2004. Sunayen kiransa duk suna farawa da mq, kamar mq_open da mq_send da mq_receive. Dukansu biyu suna kiyaye iyakar saƙo, ma'ana idan ka aika bayit 20 sau uku (bayit shi ne ma'aunin girman bayani a kwamfuta), mai karɓa zai ɗauki saƙo uku daban-daban, ba tarin bayit 60 a cakuɗe ba kamar yadda yake faruwa a bututun nan na pipe. Dukansu kuma suna zama a cikin kanel ko da shirin da ya ƙirƙire su ya mutu. A nan kamanninsu ya ƙare.

Bambanci na farko da ya shafi tsarin saƙo yana bakin ƙofa. Kiran mq_send yana karɓar manuni, wato adireshin wuri a ƙwaƙwalwa, zuwa tarin bayit, da tsawonsu, da lambar fifiko a matsayin abu na daban, don haka ba ya tilasta maka wani fasali. Shi kuwa msgsnd yana so ka ba shi manuni zuwa wani struct, wato tarin filayen bayani da aka jera wuri ɗaya, wanda farkonsa lamba ce nau'in long, wadda aka saba kira mtype, sannan jikin saƙon ya biyo bayanta kai tsaye. Dole mtype ta fi sifili, in ba haka ba kiran ya dawo da kuskuren EINVAL. Tsawon da kake faɗa wa msgsnd kuma na jikin saƙon ne kawai, ban da mtype. Wannan ƙaramar ƙa'ida ita ce ta fi kowace jefa sababbin masu rubuta shiri cikin rami, domin mutum yakan rubuta sizeof na dukan struct ɗin, ya aika fiye da abin da yake da shi, sannan a wajen karɓa kanel ya rubuta bayit huɗu ko takwas a bayan ƙarshen mazubinsa, ya ɓata wani abu da ba ruwansa. Shirin yana iya yin makonni lafiya kafin ya faɗi.

Ko sunan struct ɗin ma yana da nasa rikicin. Littattafai da yawa suna kiransa msgbuf, amma ƙa'idar POSIX ta bar wa mai shiri ya bayyana nasa da kansa. Laburaren glibc yana bayyana struct msgbuf ne idan an kunna _GNU_SOURCE, kuma kwamfailar g++, wato manhajar da ke haɗa shirin C++, tana kunna shi da kanta, saboda haka shirin da ya haɗu lafiya a matsayin C yana iya ƙin haɗuwa a matsayin C++, da ƙorafin cewa an bayyana abu ɗaya sau biyu. Wannan matsala maganinta ba tsada: ka ba struct ɗinka suna naka, ko da "saƙon_awo" ne da haruffan da kwamfaila ta yarda da su, ka rabu da msgbuf gaba ɗaya.

Babbar matsalar ita ce ciko, wato bayit ɗin banza da kwamfaila take sakawa tsakanin filayen struct, kuma gara in nuna ta da abin da ya same mu. Wani ɗalibi da nake taimaka wa ya ɗauki aikin sa ido kan zafin ɗakunan kaji a wata gona da ke hanyar Giwa. Kwamfutar Pi 4 ce mai babbar manhaja ta bit 64, amma laburaren da mai sayar da na'urar awon ya bayar an haɗa shi ne don bit 32 kaɗai, sai muka bar shirin karanta awo a bit 32, shirin ƙararrawa kuma a bit 64, abin da wannan kwamfutar take iya ɗauka. Saƙon abu uku ne: long mtype, sai double na zafi, sai wata long ta lokaci. Da farko msgrcv ya riƙa dawo da E2BIG, wato saƙon ya fi mazubin girma. Yaron ya buga sizeof a shirye-shiryen biyu, kowanne ya nuna 24, ya ce mini, "Malam, ai girmansu ɗaya ne, wallahi matsalar daga Linux take." Ya sa tutar MSG_NOERROR, kuskuren ya yi shiru, ni ma na duba sama-sama na ce ya ci gaba, kuma wannan sakacin nawa ne.

Ranar gwaji, a tsakiyar watan Afrilu, da rana tsaka, kaji suna haki da baki buɗe, allon ya nuna zafin ɗakin 0.00. Alhaji mai gonar ya leƙa, ya gyara hularsa, ya ce, "Malam, na'urar nan taku ta ce ƙanƙara ake yi. Ko a Jos ban taɓa jin irin wannan sanyin ba." Bayan minti ɗaya kuma ta nuna wata doguwar lamba da ba ta da kai balle gindi.

Da muka zauna da takarda da biro sai lissafin ya fito fili. A injin ARM na Pi ɗin, a bit 32, long bayit 4 ce, amma double dole ta zauna a adireshin da yake rabuwa da 8, don haka kwamfaila ta saka cikon bayit 4 tsakanin mtype da zafi, ta sa lokaci a bayit 4, ta ƙara cikon 4 a ƙarshe, jimla 24. A bit 64 kuwa, long bayit 8 ce, double 8, long ta biyu 8, babu ciko ko ɗaya, jimla ita ma 24. Mai aikawa ya cire 4 ya tura bayit 20, mai karɓa ya cire 8 yana jiran 16. Kanel na Linux yana da ɓangaren da ke gyara girman mtype tsakanin shirin bit 32 da na bit 64, kuma ya yi aikinsa daidai, amma jikin saƙo ba ya taɓa shi. Abin da mai karɓa ya ɗauka a matsayin zafi, rabinsa ciko ne, rabinsa kuma ƙananan bayit huɗu na ainihin lambar. Idan zafin ya zo cif kamar 34.5, waɗannan ƙananan bayit ɗin duk sifili ne, shi ya sa allon ya nuna sifili, idan kuma ya zo da ɓurɓushi sai a sami shirme. Abin da ya ƙara ba ni tsoro shi ne, da a tsohuwar kwamfutar Intel mai bit 32 aka haɗa wannan struct ɗin, da double ta zauna nan da nan bayan mtype ba tare da ciko ba, domin a can rabuwa da 4 ya wadatar. Rubutu ɗaya, fasali uku.

Kada wanda ya zaɓi POSIX ya ce ya tsira. Gaskiya ne ba shi da mtype a gaba, don haka cikon farkon nan ba zai same shi ba, amma idan ya miƙa wa mq_send ɗanyen struct mai long ko size_t ko time_t a ciki, girman waɗannan yana canzawa daga na'ura zuwa na'ura, kuma mai karɓa zai karanta abin da ba shi aka aika ba, ba tare da wani kuskure ya bayyana ba. Manuni kuwa ba shi da ma'ana sam a wajen shirin da ya haife shi, kuma na sha ganin ɗalibi ya sa char * a cikin saƙo yana mamakin yadda sunan da ya aika ya ɓace a hanya.

To, hanyoyin tsara saƙon su ne zaɓi na gaske, kuma guda uku ne ake bi. Ta farko ita ce tura ɗanyen struct kamar yadda kwamfaila ta jera shi. Tana da sauƙi da sauri, kuma ba laifi ba ce idan duk shirye-shiryen daga tushe ɗaya suke, kwamfaila ɗaya ta haɗa su a rana ɗaya, misali uwa da 'ya'yan da ta haifa da fork. Wanda zai bi ta ya raba jikin saƙon zuwa struct na daban, ya yi amfani da nau'o'in stdint.h na C99 masu tsayayyen girma irin su uint16_t da int32_t da int64_t, ya jera manya kafin ƙanana, ya rubuta cikon da hannunsa a matsayin fili mai suna, sannan ya sa _Static_assert na C11 ya tabbatar da girman struct ɗin da mazaunin kowane fili ta hanyar offsetof, yadda idan wata na'ura ta jera shi daban, haɗawar ce za ta tsaya, ba kaji ne za su gaya masa ba. Ya kuma share struct ɗin da memset kafin ya cika shi, domin ciko yakan ɗauki ragowar abin da ke cikin ƙwaƙwalwa ya kai wa wani shiri. Akwai masu gajarce hanya da alamar packed ta GCC, wadda take hana ciko gaba ɗaya. Tana aiki, amma ba ta cikin ƙa'idar C, kuma da zarar ka ɗauki manuni zuwa wani fili da bai zauna daidai ba, wasu na'urorin ARM za su kashe shirin da SIGBUS.

Hanya ta biyu, wadda ita nake ba da shawara a mafi yawan ayyuka, ita ce a ɗauki jikin saƙo a matsayin jerin bayit zalla, wato char mtext mai girman da ka yanke, a riƙa zuba kowane fili a mazauninsa da memcpy, a kuma kwashe shi da memcpy. Jerin char ba ya bukatar wani daidaiton zama, don haka a System V yana manne da mtype a kowace na'ura, daidai inda kanel yake tsammaninsa. Ga yadda muka sake tsara saƙon gonar: bayit ɗaya na lambar sigar tsarin, ɗaya na nau'in saƙo, biyu na tsawon abin da ya biyo baya, huɗu na lambar jeri, takwas na lokaci, huɗu na zafi, biyu na lambar ɗaki, jimla 22. Zafin ma mun daina aika shi a double, muka mai da shi cikakkiyar lamba ta kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, wato 34.5 ya zama 3450. Lokacin kuma mun ba shi bayit takwas ne da gangan, saboda time_t mai bit 32 zai cika a watan Janairun 2038, kuma na'urar da aka kafa a gona ba wanda ya san shekarun da za ta yi a jikin bango. Aiki biyu ƙanana, ɗaya na zubawa ɗaya na kwashewa, su kaɗai suka san waɗannan mazaunai, kuma ba su kai layi 40 ba.

Wannan hanya tana da wata riba da ba a lura da ita sai daga baya. Lokacin da ɗalibin ya so ya sake rubuta shirin ƙararrawa da Python, bai sha wahala ba, domin sashen struct na Python yana karanta irin wannan jeri da layi ɗaya idan aka fara bayanin fasalin da alamar "<", wadda take hana ciko, take kuma tsayar da girman kowane fili da jerin bayit ɗinsa. Maganar jerin bayit, wato ko ƙaramin bayit ne a gaba ko babba, ba ta cika tasowa ba tunda layin saƙonni ba ya fita daga kwamfuta ɗaya, amma saƙon da aka tsara da kyau yakan ƙare a fayil ko a intanet wata rana, don haka ka yanke jeri ɗaya tun yau ka rubuta shi a saman fayil ɗin.

Idan tsawon saƙo yana canzawa, tsofaffin shirye-shirye sukan rubuta mtext[1] sannan su nemi ƙwaƙwalwar da ta fi haka da malloc. C99 ta halatta wannan dabara ta hanyar barin bakan jerin babu lamba a filin ƙarshe, kuma ita ce ta fi tsabta a C, sai dai ƙa'idar C++ ba ta san ta ba, ko da yake g++ da clang suna karɓarta. Ga ƙaramin aiki, ni ban ga amfanin wahalar ba. Ka yanke iyaka, ka ce saƙo ba zai wuce bayit 256 ba, ka ware mazubi mai wannan girman, ka aika iya abin da ka cika.

Hanya ta uku ita ce a bar wa wani tsararren fasali aikin: rubutu zalla ko JSON, ko CBOR da aka fara bayyanawa a RFC 7049 a 2013, ko Protocol Buffers da Google ta saki a 2008. JSON yana da daɗin bincike, domin idan abu ya lalace kana iya karanta saƙon da ido, kuma ga awo ɗaya a kowane daƙiƙa goma nauyinsa ba komai ba ne. Protocol Buffers ya fi dacewa idan mutane da yawa ne suke aiki da harsuna daban-daban kuma filayen za su riƙa ƙaruwa, amma jawo shi saboda saƙo mai fili bakwai kamar ɗauko tirela ne don buhu ɗaya na masara.

Kowace hanya aka bi, bayit ɗin sigar nan na farko kada a yi wasa da shi, kuma dalilin yana cikin halin layukan biyu. Tunda layi yana rayuwa bayan mutuwar shiri, idan ka tsayar da shirye-shiryenka, ka ƙara fili a saƙo, ka sake tayar da su, tsofaffin saƙonni suna nan a layi suna jira, kuma sabon shiri zai karanta su da sabon fasali. Mai karɓa ya duba siga, ya kwatanta tsawon da saƙon ya faɗa da tsawon da msgrcv ko mq_receive ya dawo da shi, in ba su yi daidai ba ya rubuta ƙorafi ya yar da saƙon.

Yanzu sai mu koma kan layukan, domin yadda suke karɓa ya bambanta ƙwarai. A System V mai karɓa yana iya zaɓe. Idan ya ba da sifili, zai sami saƙon da ya fi daɗewa. Idan ya ba da lamba sama da sifili, zai sami na farko mai wannan mtype ɗin, ya tsallake sauran. Idan ya ba da lamba ƙasa da sifili, misali -5, zai sami saƙo mai mafi ƙanƙantar mtype daga cikin waɗanda ba su wuce 5 ba. Da wannan ne ake sa layi ɗaya ya yi wa shirye-shirye da yawa hidima, kowanne yana jiran amsar da ke ɗauke da lambarsa ta PID, wato lambar shaidar da kanel yake ba kowane shiri. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko: idan ɗaya ya mutu bai kwashe amsoshinsa ba, suna nan suna cin wuri har layin ya cika, kowa ya tsaya. A POSIX babu zaɓe ko kaɗan. Kiran mq_receive yana ba ka saƙo mafi daɗewa daga cikin masu fifiko mafi girma, kuma a lura cewa a nan babbar lamba ce take gaba, akasin dabarar System V. Ƙa'ida ta ce a sami aƙalla matakan fifiko 32, Linux kuwa ta ba da 32768. Wanda yake so kowane shiri ya sami nasa saƙon, sai ya buɗe wa kowanne layinsa.

Wajen girman mazubi ma halinsu ba ɗaya ba ne. System V yana duba saƙon da ke gaba ne: idan ya fi mazubinka, ya dawo da E2BIG ya bar saƙon a layi, idan kuma ka sa MSG_NOERROR ya datse shi ya zubar da ragowar ba tare da ya gaya maka ba. Bayan abin da ya faru a gonar nan, na hana duk wanda nake duba aikinsa amfani da wannan tutar. POSIX ya fi tsauri tun daga farko: dole mazubinka ya kai mq_msgsize na layin, ko da saƙon da ke ciki bayit biyu ne, in ba haka ba ka sami EMSGSIZE. Wanda ya buɗe layi bai faɗi girma ba, Linux za ta ba shi saƙo 10 masu bayit 8192 kowanne, sai ya zo da mazubin bayit 22 ya rasa dalilin da ya sa ba ya karɓar komai. Daidai shi ne a faɗi mq_maxmsg da mq_msgsize wajen ƙirƙira, mai karɓa kuma ya tambayi mq_getattr kafin ya ware mazubi. Saƙo 10 ɗin nan shi ne kuma iyakar da shiri marar iko na musamman zai iya nema, sai an ɗaga ta a /proc/sys/fs/mqueue/msg_max. A System V na Linux iyakar saƙo ɗaya bayit 8192 ce, ta layi gaba ɗaya kuma 16384, don haka ƙananan saƙonni irin namu ɗaruruwa za su shiga kafin ya cika. Idan shirin tura saƙon waya yakan tsaya jiran sabis na minti da yawa, kamar yadda yake faruwa da zarar an bar cikin gari, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Inda POSIX ya yi wa ɗan'uwansa nisa shi ne wajen jira. Yana da mq_timedreceive, wanda zai jira zuwa wani lokaci ya haƙura, da mq_notify, wanda zai sanar da shiri idan saƙo ya faɗo cikin layin da yake fanko. A Linux kuma abin da mq_open yake dawo da shi lambar fayil ce ta gaske, don haka ana iya sa ta cikin poll ko epoll, kiran da suke jiran abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, tare da soket da tashar modem, shiri ɗaya ya jira su duka a wuri ɗaya, ko da yake ƙa'ida ba ta yi alkawarin wannan a wasu tsarukan ba. System V ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ko dai ka jira har abada, ko ka sa IPC_NOWAIT ka riƙa leƙawa, ko ka ware zare guda, wato reshen shirin da ke aiki daban, don jiran kawai. Kuma duk lokacin da sigina ta katse msgrcv, zai dawo da EINTR ko da ka sa SA_RESTART, don haka dole ka kewaye shi da madauki.

Suna ma haka. Layin POSIX yana da suna irin "/awon_zafi", kana ganinsa a /dev/mqueue, kana iya share shi da rm, kuma mq_unlink yana cire sunan ne ya bar masu riƙe da layin su gama. System V yana amfani da lambar mabuɗi, wadda aka saba samarwa da ftok daga lambar inode ta wani fayil. Idan aka share fayil ɗin aka sake ƙirƙirarsa, mabuɗin yana iya canzawa, sai shiri biyu su buɗe layi biyu daban kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Ana duba layukan da ipcs, a share da ipcrm, kuma sharewar nan take ce, duk mai jira zai farka da EIDRM.

Da wannan kaɗai da sai a ce POSIX ya ci gasar, amma maganar ɗaukar shiri daga wata babbar manhaja zuwa wata ta juya lissafin. macOS ba ta da layin POSIX sam, alhali tana da na System V, ko da yake iyakokinta sun fi na Linux ƙanƙanta. FreeBSD tana da shi amma sai an loda mqueuefs. A Linux ma, kafin glibc 2.34 ta 2021, sai an ƙara -lrt wajen haɗawa. Saboda haka wanda malaminsa ko abokin aikinsa yake kan MacBook, ko wanda ya gaji tsohon shiri daga Solaris ko AIX, System V ne zai haɗu masa a ko'ina, tsufansa shi ne amfaninsa. Windows kuwa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ta wata hanya irin WSL, wadda ke gudanar da Linux a cikin Windows.

Akwai na uku da ya kamata a sa a sikeli kafin a yanke hukunci, wato soket na gida, AF_UNIX, da nau'in SOCK_SEQPACKET. Yana kiyaye iyakar saƙo kamar layukan, yana shiga poll, yana tafiya gaba da baya, kuma idan ɗaya ɓangaren ya mutu za ka sani nan take, abin da layi ba zai taɓa gaya maka ba. Ba ya barin tsofaffin saƙonni a baya, amma wannan yana nufin dole mai karɓa ya kasance a raye kafin a aika, kuma ba shi da fifiko. macOS ba ta ba da wannan nau'in a soket na gida ba.

Ga yadda nake yanke wa masu tambayata. Idan aikin a Linux zai zauna, kamar kusan duk aikin Raspberry Pi, kuma ana so saƙon gaggawa ya tsallake na yau da kullum, ko shiri ya jira layi da modem a lokaci ɗaya, a ɗauki POSIX. Idan dole shirin ya haɗu a macOS ko tsohuwar Unix, ko ana bukatar zaɓen saƙo ta nau'insa daga layi ɗaya, a ɗauki System V, jikin saƙon ya zama jerin char. Idan tambaya da amsa ake yi tsakanin shiri biyu da suke raye tare, soket ya fi su duka. A gonar kajin mun koma POSIX, layi biyu, ɗaya zuwa mai ajiya ɗaya zuwa mai ƙararrawa, saƙon zafin da ya haura iyaka yana tafiya da fifiko 10, na yau da kullum da sifili, kuma shirin bit 32 da na bit 64 suna karanta bayit 22 ɗin nan iri ɗaya. Da mun zauna a System V da wannan sabon tsarin saƙon, shi ma da ya yi aiki.

Abu biyu suka rage da suka shafi layukan duka. Na farko, rayuwarsu a cikin ƙwaƙwalwar kanel take, ba a faifai ba, don haka idan aka ɗauke wuta kuma batirin sola ya ƙare cikin dare, duk abin da ke layi ya tafi. Awon da ba a so a rasa, mai ajiya ya rubuta shi cikin SQLite ko fayil da zarar ya karɓa, lambar jerin da ke goshin saƙon kuma ita za ta nuna inda aka yi giɓi. Na biyu, a tsarukan da ke amfani da systemd, manhajar da ke tayar da hidimomi a Linux, akwai saitin RemoveIPC a fayil ɗin logind.conf, wanda idan yana kunne yake share layukan System V da na POSIX na mai amfani da zarar ya fita gaba ɗaya. Ɗalibi yakan shiga kwamfutar daga nesa ta SSH, ya tayar da shirye-shiryensa, ya ga komai lafiya, ya rufe kwamfutarsa ya hau mota zuwa Kwangila, kafin ya isa layin ya ɓace. Saitin ba ya taɓa root, wato asusun mai cikakken iko, da asusun tsarin, saboda haka muka buɗe wa shirye-shiryen gonar asusun tsari nasu da useradd -r, muka mai da kowannensu hidimar systemd mai tashi da kanta idan wuta ta dawo.